Kafaɗar 'Yar Horo Birni

Shekarar da aka kawo mana wasan kurket, ni ce malamar motsa jiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Bodinga. Ina da baki, wannan duk wanda ya zauna da ni zai shaida. Ina kuma da taurin kai irin na wadda ba a saba kama ta da kuskure ba. Yara suna tsorona kuma suna sona, ni kuwa ina jin daɗin duka biyun fiye da yadda ya kamata.

Wani mai horarwa aka turo mana daga birni, dogon mutum mai sanyin murya, da ƙatuwar jaka a bayan babur. Hausarsa ta gabas ce, duk sanda ya buɗe baki sai yarana su riƙa zungurar juna suna ƙunshe dariya. Asabar huɗu ya yi yana zuwa. A bayan ɗakunan kwana, kusa da layin itatuwan dogon yaro, ya kafa turaku uku a ƙasa, ya tsayar da yarinya ɗaya a gabansu riƙe da faffaɗar sandar katako don ta kare su. Wata kuma za ta sheƙo a guje daga nesa ta jefo ƙwallo mai tauri, tana neman ta kayar da turakun. Jifan ne mai wuyar sha'ani. Ba a lanƙwasa gwiwar hannu kamar mai jifan mangwaro. Hannun a miƙe yake tasowa daga baya, ya wuce ta gefen kunne, ya saki ƙwallon a sama, sannan ya gangaro gaban jiki. Mai jifa takan yi shida a jere, sai a canja ta.

Yawancin yaran shirme suka yi ta yi. Wata ta jefa ƙwallon bayanta, wata ta kusa fasa tagar ɗakin girki. Sai layi ya zo kan wata 'yar aji biyar daga Horo Birni, can ƙasar Shagari. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, irin yaran da sai ka shekara da su a aji ba ka san muryarsu ba. Ta gyara ɗan hijabinta, ta tura shi cikin wuyan riga, ta rugo. Ban ma ga fitar ƙwallon ba. Ƙara kawai na ji, sai ga turken tsakiya yana juyi a iska, wadda ke riƙe da sandar kuwa ta yar da ita ta ruga tana salati.

Mai horarwa ya riƙe baki. Ya tambaye ta inda ta samo wannan ƙarfi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsu. Ƙawayenta ne suka amsa mata baki ɗaya: "Daka na, Malam!" Aka kwashe da dariya. Gaskiya suka faɗa. Mahaifiyarta ba ta yarda da garin inji a fura, don haka tun yarinyar tana shekara takwas take riƙe da taɓarya. Daga ranar ba wanda ya sake kiranta da sunanta a fili, sai 'yar Horo.

Ranar Asabar ta ƙarshe, mutumin bai fito da ƙwallo ba. Ya zazzago wasu dogayen robobi da aka yanko daga tsohon tif na tayar babur, irin waɗanda ake ɗaure kaya da su a tasha. Ya ɗaura su a ƙarafan tagar aji. Ya sa kowace mai jifa ta tsaya a gefe, ta matse ɗan tsumma a hammata, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ta ja robar waje a hankali, ta mayar a hankali. Sannan su fuskanci tagar su jawo robar da hannu biyu zuwa ciki, har allunan kafaɗa su kusa haɗuwa a baya. Sannan su kwanta rub da ciki a tabarma su ɗaga hannuwa sama kaɗan, ba tare da riƙe komai ba, su ƙirga biyar. Akwai na dafa bango a tura jiki, akwai na tokare ƙasa da gwiwar hannu da yatsun ƙafa a tsaya cak don ƙarfin ciki da ƙugu. Duka-duka minti ashirin ne, kuma ba mai yin gumin kirki.

Da ya ga yadda nake taɓe baki, sai ya ja ni gefe. Ya ce, "Malama, kin ga babur? Akwai inji, akwai birki. Naman gaba, na ƙirji da na damtse, shi ne yake cilla hannun. Amma bayan an saki ƙwallo, hannun yana so ya bi ta. Wasu 'yan ƙananan jijiyoyi ne a bayan kafaɗa suke riƙe shi, su tsayar da shi. Daka yana gina na gaba ne kawai. Yarinyar nan injinta ya fi birkinta nesa ba kusa ba, ita ce ta fi kowa bukatar robar nan." Ya ce sau uku a mako, ba fashi. Ya ce kada ta wuce jifa talatin a yini, kada ta yi kwana biyu a jere, kuma duk ranar da kafaɗar ta yi ciwo a ajiye ƙwallo. Ya rubuta mini a takarda. Na ninke ta huɗu na jefa a jaka, na yi masa godiya mai yawa, irin wadda ake yi wa baƙo idan ana so ya tafi.

Ba wai ban ji maganarsa ba ne. Na ji, na raina. Ni ma a gidan kakata na tashi, na yi daka har tafin hannuna ya yi kanta. A raina na ce, yarinyar da take gama turmi uku na gero kafin hantsi, ita za a ba robar ɗaurin kaya ta ja kamar mai wasan 'yar tsana? Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. A makarantar nan 'ya'yan ma'aikata, waɗanda iyayensu ke aikin ofis ko asibiti, sun saba yi wa 'yan ƙauye dariya: faso a ƙafa, kanta a hannu, warin albasa a akwati. Yau ga abin da kantar hannu ta fi kowa iyawa. Sai na ga ranar ramuwa ce ta zo.

Don haka na raba su biyu. 'Yan gari su tafi taga su ja roba. "Ku da inji ya lalata," nake ce musu, "ku je ku yi ta jan igiya, ko Allah shi sa ku yi ƙwari." 'Yan ƙauye kuwa na ce sun riga sun biya nasu a gida, su wuce fili kai tsaye. Yara suka yi ta shewa. Ni kaina na ɗauka adalci na yi, har ina ba da labarin a ɗakin malamai ana dariya.

Abin da hakan ya haifar ban lissafa shi ba. Minti ashirin ɗin da sauran ke taga, 'yar Horo tana fili tana jifa, ni ina tsaye a bayan turaku ina tafi. Kafin a fara atisayen gaske ta riga ta cinye talatin ɗinta. Sannan ga 'yan kallo. Malamai su fito bayan la'asar, a ce a kira 'yar Horo. Baƙi su zo makaranta, a ce a kira 'yar Horo ta nuna musu. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ni kuma ban taɓa ƙirgawa ba. Duk turken da ta kayar, ji nake kamar da hannuna na kayar da shi.

Aka sanar da mu cewa za a yi gasar makarantu a birni, mako uku bayan an dawo hutun farko. Ranar da za a tashi hutun, yara na ta jan akwatuna zuwa bakin ƙofa, sai ga ta ta zo ta durƙusa a gefen teburina.

"Malama, in tahi da roba guda gida? Malam ya ce ko da hutu na kar a bari."

Ashe duk zolayar da nake yi, ita maganar mutumin tana ranta. Robobin suna cikin kwali a ƙarƙashin teburin, ƙafata ma tana taɓa shi. Miƙa hannu kawai zan yi. Sai na yi dariya.

"Ke ɗiyar ga! Ke da ke da turmi ga tsakar gida, mi za ki yi da roba? Ki ƙara daka, shi na atisayenki."

Ta ce, "To, Malama." Ta tashi ta tafi.

Ni wasa na ɗauke shi, rabin wasa dai. Na manta wace irin yarinya nake yi wa magana. A gidan da ta fito, in malami ya ce a yi abu, ba a tsayawa auna ko da dariya ya faɗa. Lokacin kuwa an gama girbi, gero ya cika rumbuna, ga bukukuwa ko'ina. Daga baya na ji yadda hutun ya kasance. Ta karɓe sussuka daga hannun ƙannenta, ta karɓe surfe, ta karɓe dakan fura. In ta gama na gidansu ta leƙa maƙwabta. Mako uku tana ɗaga taɓarya tun safe har rana ta yi sanyi, tana ganin shiri take yi wa gasa.

Da aka dawo, kwanakin farko jifanta har tsoro yake ba ni. Ƙwallon huci take yi. Na ce wa sauran malamai, kun gani ko, turmi ya fi roba. Ban san ranar da bakina ya fara mutuwa ba, amma na san abubuwan da na gani, kuma zan faɗe su yadda suke don na daɗe ina ɓoye su.

Na ga ta koma ɗaukar bokiti da hagu. Na ga tana sa hijabi ta hanyar sunkuyar da kai cikinsa, maimakon ta ɗaga hannu ta zura. A masallacin makaranta ina sahun bayanta, na ga in ta yi kabbara hannun hagu yana kaiwa kunne, na dama yana tsayawa a ƙirji. Wata rana kuma na matsa kusa da ita zan miƙa mata ƙwallo, sai warin man zafi ya buge ni, mai yawa, kamar ta juye kwalbar gaba ɗaya. Muka haɗa ido. Na kau da kai na ce wa mai riƙe da sanda ta gyara tsayuwa.

Sau ɗaya na tambaye ta, kuma na san irin tambayar da na yi. Ban ce ina ke miki ciwo ba. Cewa na yi, "Lahiya dai ko? Ba abin da ka damunki ko?" Tambaya ce da ta zo da amsarta a hannu. Ta ce, "Lahiya lau, Malama." Na san yarinya mai kunya ba ta kai kukan jikinta wurin babba, balle wadda ta fifita ta a kan kowa. Ni ma haka aka rene ni. Na yi amfani da kunyarta ne, don gasa saura kwana goma, kuma in babu ita ba mu da abin nunawa. Takardar mai horarwa tana nan a jakata, na san layi na ƙarshe da ke cikinta ba sai na buɗe ba. Na ce wa raina gajiya ce, bayan gasa ta huta wata guda.

Ko gasar ba ta kai ba. Saura kwana huɗu, da yamma, an gama atisaye har yara sun fara tattara kaya. Ban gamsu da yadda ƙwallonta ke karkata ba, sai na ce ta ƙara shida. Ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta yi uku. A na huɗu hannun ya taso ya kai saman kai, sai kawai ya zube. Ƙwallon ta faɗi nan kusa da ƙafarta ta gangara cikin ciyawa. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa a hankali, ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan, gumi na tsattsafo mata a goshi. Na rugo na durƙusa gabanta. Ta dube ni ta ce, "Malama, ki yi haƙuri."

Ita ce ta ba ni haƙuri. Wannan kalma ta fi komai tsaya mini a rai har yau.

A ɗakin shan magani aka rataye hannun da ƙyalle, aka aika gida. Washegari yayanta ya zo ya tafi da ita. Na ce a kai ta babban asibiti a birni, amma a sanyaye na faɗa, don ina tsoron tambayoyin da likita zai yi. Su kuwa abin da suka sani suka yi, suka kai ta wurin mai ɗori. Mutumin ya duba ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya ja, ya shafa magani, ya naɗe hannun jikin ƙirji ya ce kada a motsa. Ban ga laifinsa ba. An kawo masa ciwon da ba irin nasa ba ne, ba wanda ya gaya masa yadda aka same shi.

Mun je gasar ba ita. Ban tuna ko na nawa muka zo ba.

Sai da aka yi mako biyu na iya tattara ƙarfin hali na hau mota zuwa Shagari, daga nan na hau babur zuwa Horo Birni. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Zan ce ni na hana ta roba, ni na ce ta ƙara daka, ni na ga ciwon na yi shiru. Na maimaita har na haddace.

Mahaifiyarta ta tarbe ni tun daga zaure, 'yar dattijuwa mai fara'a, ta riƙe hannuna da hannu biyu. "Marhabin da Malama, lale marhabin. Kin sha hanya. Wanga ƙoƙari, Allah shi saka da alheri, Allah shi bar zumunci." Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa, aka dama fura da nono mai kauri. Maƙwabta suka riƙa shigowa gaishe da malamar da ta taso tun daga Bodinga don duba ɗalibarta. 'Yar Horo tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, hannun na naɗe a cikin zane. Ta gaishe ni ta mayar da ido ƙasa. A gefen rumbu ga turmin a kife.

Ban kai ga buɗe baki ba uwar ta riga ni.

"Laihina na, Malama. Tun da tad dawo hutu ba ta aje taɓarya ba. Na ce ɗiyar ga ki huta, tac ce a'a. Har dakan maƙwabta ita ka yi. Ban san mi yash shiga kanta ba. Ni kau sai nij ji daɗi, na samu mai taya ni. Da nik ƙwace taɓaryar nan, da duk haka ba ta hwaru ba. Kun ba ni ɗiya lahiya lau, na maishe muku da ita da ciwo."

Ta goge ido da gefen mayafi. Ashe yarinyar ba ta gaya wa kowa wanda ya sa ta dakan ba. Na dube ta. Ba ta ɗago ba, tana zana ƙasa da yatsan ƙafa. Ga ƙofa a buɗe, kalma biyar ta isa in sauke wa tsohuwar nan kayan da ba nata ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Ki daina hwaɗin haka, Inna. Ƙaddara ta." Na ɗauki ludayi na sha fura. Da zan tafi ta cika mini leda da albasa da ƙullin gero, ta rako ni har bakin hanya tana sa mini albarka.

A kan babur na yi kuka, amma kukan banza ne, tunda bai sa na ce a juya ba.

Abu ɗaya na kirki da na yi shi ne na kira mai horarwa. Shi ya shige gaba har aka kai ta asibiti a birni, wurin masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. An riga an yi kusan wata biyu. Ma'aikacin da ya duba ta ya nuna mana a jikin hoton kafaɗa da ke bango. Ya ce jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa sun daɗe suna ƙwarzanuwa kaɗan-kaɗan kafin ɗaya ta yage, sannan dogon ɗauri ya sa gaɓar ta sandare. Da an tsaya tun ciwon farko, in ji shi, hutun 'yan makonni da atisaye mai sauƙi sun isa. Mai horarwa ya juyo ya dube ni. "Tana jan robar kuwa?" Na ce, "Wani lokaci." Yarinyar tana zaune a kan gadon gwaji tana ji.

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Hannun ya dawo aiki daga ƙugu zuwa ƙirji. Tana cin abinci, tana rubutu, jarrabawar fita ma ta zauna ta da ɗan matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu. Amma bai sake wuce kafaɗa ba, bai kuma sake zagayawa baya ba. Ranar da suka gama makaranta ta zo ta yi mini sallama kamar kowa, har da godiya.

Bayan haka na zama wata iri. Babu yarinyar da ke taɓa ƙwallo sai ta yi minti ashirin a taga, 'yar gari ce ko 'yar ƙauye. Ina ƙirga jifa da bakina, da an kai iyaka in karɓe ƙwallon ko ana kuka. Na koyi matsa bayan kafaɗar yarinya da babban yatsa ina kallon fuskarta, don fuska ba ta iya kunyar da baki ke yi. Na daina tambayar "lafiya ko", sai in ce, "Ɗaga hannu biyu in gani." Har aka san ni da wannan. Malaman wasu makarantu suna turo mini tambaya, ana cewa ba wadda ta kai ni kula da lafiyar yara. Duk sanda aka yabe ni sai in ji kamar na saci zanen wata na ɗaura zuwa biki. Ban taɓa gaya wa kowa inda na koyi kulawar ba.

Shekara shida bayan nan aka mayar da ni aiki Shagari. Wata ranar kasuwa da hantsi ina tsaye a tasha ina jiran a sauke mini buhun masara, sai wata mota ta tsaya, fasinjoji suka fara fitowa. Cikinsu akwai wata doguwar mace da jariri a hannun hagu, zanen goyo a rataye a wuyanta. Sauran mata masu goyo suka yi abin da kowace uwa ke yi ba tare da tunani ba: a kama damtsen yaro, a wulwulo shi ta kafaɗa, a sunkuya, a ja zane, an gama. Ita kuwa ta tsaya a rana tana waige-waige, tana duba fuskokin matan da ke wucewa. Da idonta ya faɗo kaina sai fuskarta ta washe.

"Malama! Ashe rai kan ga rai!"

Ta rusuna har ƙasa da yaron a hannu. Muka koma inuwar wata rumfa muka gaisa. Ta yi aure a garinsu, tana koyarwa a makarantar firamare, awo ta kai yaron asibiti, yanzu gida za ta koma. Na tambayi Inna, ta ce tana nan, sai dai tsufa. Na tambayi hannun. Ta ɗan ɗaga shi ya tsaya inda ya saba tsayawa, ta yi murmushi. "Ga shi nan, mun saba da juna. Allo dai rabin ƙasa nika rubutu, yara sun gane."

A nan, tsakanin masu tallar rake da hayaƙin mota, maganar da na kasa yi a kan sabuwar tabarma ta fito. Ban tsara ta ba, a birkice ta zo. Na ce mata ni ce. Na ce na ga ciwon tun kafin ya yi nisa, na sani, na yi shiru saboda gasa. Na ce ta yafe mini, ta kuma gaya wa Inna ba laifinta ba ne.

Ta saurare ni har na gama, tana jijjiga yaron. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Ai na san kin gani, Malama. Da nig ga kin yi shiru, sai nic ce ashe ba wani abin tsoro ba na. In da akwai hatsari, ke ba ki bari na."

Ba da zafi ta faɗa ba. Bayani kawai take yi mini, yadda za ta yi wa ɗan aji ɗaya. Ta ce ta yafe tun tuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na so a ce zagina ta yi.

Wani mai babur da ke zuwa Horo Birni ya danna oda, ya ce in za ta tafi ta taso. Ta miƙe, ta dube ni da 'yar kunya.

"Allah na ya kawo ki. Aza mini shi ga baya."

Ta miƙo mini yaron ta juya ta sunkuya. Na ɗora shi a gadon bayanta, mai nauyi ne, ɗumi gare shi, ya damƙi wuyan rigarta. Na ware zanen na lulluɓa masa, na miƙa mata gefen hagu ta kama, gefen dama kuwa sai da na zagayo da shi na sa mata a hannu, don hannun ba ya iya zuwa ya ɗauko. Na tallafo ƙasan yaron na tura sama ta soke zanen a ƙirji. Na tambaye ta yadda take yi a gida.

"Inna ka aza mini, ko maƙwabta, ko babanshi in yana nan. In ba kowa, sai in kwantar da shi bakin gado in jingina baya gare shi, mu yi ta dabara. Wata rana shi yarda, wata rana shi yi ta kuka sai wani ya shigo."

Ta hau babur ta ɗago mini hannun hagu, suka bi hanyar ƙasa. Yaron watansa biyar a lokacin. Na tsaya a wurin ina lissafa watannin da suka rage kafin a yaye shi, da ƙannen da za su biyo bayansa, kowannensu sai ta tsaya ta nemi wadda za ta aza mata shi.